Birkin Kawu

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, zauren gidansa na unguwar Liman Abaji a Keffi ya kasa ɗaukar jama'a, sai da aka shimfiɗa tabarmi a lungu har bakin masallaci. Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi komawarmu take, wannan ba mu ja da shi ba. Ni aka zaunar kusa da babban ɗansa, taubashina, muna amsa gaisuwa, kuma abin da kunnena ya ji a kwana ukun nan shi ya hana ni yin shiru.

Tsofaffin direbobi ne suka fara cika wurin. Wasu daga tasha, wasu daga Gitata, akwai ma wanda aka riƙo hannunsa saboda ido ya tafi. Kamar sun haɗa baki, kowa ya zauna maganar ɗaya ce: shekara arba'in Kawu yana jan babbar mota tsakanin Keffi da Jos da ƙasashen kudu, ko akuya bai taɓa takawa ba. Wannan makahon ya ce shi ya yi wa Kawu yaron mota shekara huɗu kafin ya taɓa makulli, a lokacin ya tsane shi kamar me, yau ga shi da jikoki saboda wannan tsananin. Yana faɗa yana share hawaye da bakin rawani.

A rana ta biyu aka aiko kirana daga cikin gida, wai ga baƙuwa tana nemana. Na tarar da ita durƙushe gaban Inna, matar Kawu, ta yafa ɗankwali a kai. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce ta asibitin da muka yi ta kai Kawu, 'yar ƙabilar Eggon, Kirista, shekarunta ba su kai na autar gidan ba. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta ɗago ta ce da Hausarta ta 'yan makaranta:

“Mama, a waje ina ji suna cewa Baba bai taɓa buge kowa ba. A wurina ya buge mutum tara, kuma babu ɗaya da bai yi masa juyayi ba.”

Matan da ke ɗakin suka ɗauki salati suna kallon juna. Inna kuwa, da tun rasuwar ba a ga haƙorinta ba, sai ta yi dariya hawaye na zuba. Su direbobi sun faɗi gaskiya, yarinyar nan ma gaskiya ta faɗa. Ni ne nake kai Kawu asibiti ina dawo da shi duk tsawon lokacin, saboda haka ni ya kamata in haɗa maganganun biyu kafin a manta.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Dogo ne, mai ƙarancin magana, mai yawan kallo. Ko motar wani zai shiga sai ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa taya da ɗan yatsa, ya leƙa ƙarƙashi ko kaza ta kwanta. Da na sayi 'yar motata na je nuna masa ina ji da kaina, ya shiga muka zaga gari, muka dawo ƙofar gida. Sannan ya ce na iya tafiya, saura tsayawa. Wannan ita ce maganarsa ta kullum: kowane jaki ya iya tafiya, direba shi ne wanda ya iya tsayawa. A zamaninsa, yaron mota ba ya karɓar makulli a hannunsa sai ya tsayar da mota cike da doya a gangare, ba tare da doya ɗaya ta motsa ba. Ko ɗan wane ne, ko wa ya zo roƙo.

Kusan shekara huɗu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi wata safiya yana alwala. Ɓarin hagu ya tafi, hannu da ƙafa. Na dama ya rage masa, harshe ma Allah ya bar masa shi. Wata takwas ya yi a ɗaki. In zai fito zaure sai mutum biyu sun ɗauko shi, kuma na sha ganin yadda yake runtse ido in an ɗaga shi, ba don ciwo ba. An kawo keken guragu na turawa, amma mai hannu ɗaya in ya tura taya ɗaya sai ya yi ta kewaya wuri guda. Masallacin lungunsu bai fi taku ɗari daga ƙofarsa ba. Sau biyar a rana yana jin kiran salla, yana jin takun maƙwabta suna wucewa. Sau ɗaya kawai ya yi min ƙorafi. Ya ce shi da ya yi rayuwa yana ɗaukar kaya, yau shi ne kayan. Burinsa bai wuce ya kai kansa sahu da kansa ba.

Taubashina, da yake aiki a Abuja, ya yi ƙoƙari ya sayo masa keke mai batir. Abu ne mai kyau ƙwarai, baƙi, mai nauyi, da wata 'yar liba a hannun dama, tsawonta bai fi yatsa ba. Ka tura ta gaba ya tafi, ka karkata ta ya juya. Mun so ya hau a ranar, amma ranar gashinsa ce, muka tafi asibiti, a can ya ba ma'aikaciyar labari. Ita ce ta ce kafin ya hau, ya fara gwadawa a wata na'ura da aka kawo sashensu, wai ita simuleta. Kujera ce a kafe a ƙasa, da liba irin ta keken sak, da babban allo a gaba. In ka taɓa libar, kujerar ba ta motsi, hoton da ke allon ne yake tafiya, ka ga kamar kai ne kake ratsa baranda, kana shiga ƙofa, kana hawa gangare. Akwai mutanen zane a ciki suna kai da kawo. In ka bugi wani abu allon ya yi ja.

Kawu ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce mata yana kan sitiyari tun ba a yaye mahaifiyarta ba, yau kuma za ta koya masa tuƙi a talabijin. Ta ce ba koyarwa ba ce, gwaji ne kawai, minti goma. Ya yarda don ya ba ta kunya, ni ma na gyara tsayuwa in sha kallo.

Da farko abin ya tafi daidai. Ya miƙe baranda kamar an ja zare. In zai shiga ƙofa yakan buɗe kwana sosai irin ta mai tirela, har ya gogi bango, ta ce masa wannan keken a tsaye yake juyawa, ya gyaɗa kai ya gyara. Sai can wata mata mai shuɗiyar riga ta fito daga wata ƙofa ba zato. Na ga ƙafarsa ta dama ta doki matakin kujerar da ƙarfi, tana neman birki inda babu birki. Hannunsa kuma ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in in an taka birkin gaggawa: ya damƙe, ya dogara gaba. Keken allon ya zabura ya bi ta kan matar. Allo ya yi ja.

Ni na ƙyalƙyale da dariya, Allah Ya yafe min. Aka sake, ya sake bugun wani tsoho mai sanda. Aka sake, ya bugi yaro mai ƙwallo. Ma'aikaciyar ta durƙusa gefensa ta yi masa bayani a hankali, cewa wannan keken ba shi da birkin ƙafa, birkinsa shi ne ka saki libar, da ka saki zai tsaya cak. Kawu ya daɗe yana kallon hannunsa kamar na aro.

A mota ko gyara min tuƙi bai yi ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Na so in rage masa zafi, na ce ai mutanen zane ne, wasan yara ne, babu wanda ya ji ciwo. Ya juyo ya dube ni.

“Su zane ne. Ƙafata da hannuna fa, su ma zane ne?”

Muka iso gida. Yana shiga ya sa taubashina ya kwance libar sabon keken, aka naɗe ta a tsumma. Ranar gashi ta gaba ya miƙa wa yarinyar nan da hannunsa mai lafiya, ya ce ta ajiye, kada ta ba shi sai ranar da ta gamsu. Daga ranar bai sake kiranta yarinya ba. Oga yake ce mata, kamar yadda yaran motarsa suke ce masa. Ta yi ta roƙonsa ya bari, wai kunya take ji a gaban abokan aikinta, ya ce wanda makulli ke hannunsa shi ne oga.

Nan rigima ta tashi a gida. Taubashina ya ji haushi ƙwarai, yana ganin ya kawo wa mahaifinsa ƙafa an jingine ta a ɗakin ajiya tare da buhunan masara. Ni da shi ba mu cika haɗuwa a magana ɗaya ba, tun muna yara ni nake ce masa bawana shi yana ce min nasa, amma a wannan karon na bi bayansa. Sati uku, sati huɗu, Kawu yana nan a ɗaki, liman yana kira yana amsawa daga kan gado. Raina ya ɓaci. Na je na sami ma'aikaciyar a bayan idonsa, na ce ta taimaka ta ce masa ya ci jarrabawa, tsoho ne, kwana nawa ya rage masa. Ta ce ko ta faɗa ba zai yarda ba, tunda da idonsa yake ganin allon yana ja. Ta ƙara da cewa ita ma ba za ta faɗa ba.

Ban san yadda aka yi maganar ta koma kunnensa ba, ina zargin Inna. Ya sa aka kira mu, ni da taubashina, manya da mu, muka zauna a ƙasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mu lissafa masa yaran da ke wasa a lungun nan tsakanin ƙofarsa da masallaci, gida gida, da sunansu. Muka fara, na maƙwabci, na mai shago, na liman, har muka iso kan 'yar taubashina da take koyon tafiya a lokacin. Da muka gama ya tambaye mu wanne daga ciki muka zaɓa ya gwada birkinsa a kansa. Muka tashi, ko tsokanar juna ba mu yi ba a hanya.

Abin da ya biyo baya har yau ban manta da shi ba. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to ni na ga busasshe ya tanƙwara kansa. Ya sa aka cika gwangwanin madara da yashi, ya kafa ludayin Inna a ciki, ya riƙe shi a matsayin liba. Ya ce Inna ta riƙa sakin faranti a ƙasa duk lokacin da ta ga dama, ba tare da ta gaya masa ba. Faranti ya faɗi, shi kuma ya buɗe hannu. Wata biyu gidan nan yana cikin ƙarar faranti, har maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya. Inna ta ce duk zamansu bai taɓa ba ta izinin firgita shi ba sai da tsufa, kuma ba ta yi wasa da damar ba.

A asibiti kuma bai bar na'urar ta huta ba. Ya ce wa ogarsa allon nan yana da ladabi da yawa, barandarsa shimfiɗaɗɗiya, mutanensa ba sa gudu, ba irin lungunmu ba. Ya aike ni da igiya na auno faɗin lungun da faɗin simintin da aka ɗora kan kwata a ƙofar masallaci. Ita kuma ta matse hanyar allon daidai wannan awon, ta ƙara wa mutanen sauri. Duk sanda ya bugi wani sai ya tsaya, ya yi istigfari, sannan ya ce a ci gaba. Ya san su ɗaya bayan ɗaya. Mai shuɗiyar riga sau uku ya buge ta, har yakan ce da ya san gidansu da ya je ban haƙuri. Shi yake riƙe da adadin, ba na'urar ba. A kan mutum tara ya tsaya.

A nan ya haɗu da wani manomi daga Panda, Kirista, magidanci, wanda ya faɗo daga bishiyar ɗorawa ƙashin bayansa ya taɓu, hannuwansa ma suka raunana. Mutumin bai taɓa tuƙa ko keke ba, allon tsoro yake ba shi, in hoto ya motsa sai jiri ya ɗebe shi. Ba shi ma da keken batir, fata kawai yake wata rana a samu. Kawu ya ce a riƙa barinsa bayan ya gama nasa. Sai a ajiye shi gefen manomin yana yi masa yaron mota: zo, zo, karya dama, ya isa, saki. Ni da nake sauri in koma ofis sai in yi ta duba agogo, shi ko a jikinsa.

Da ya yi zama biyu a jere allo bai yi ja ba, ogarsa ta ɗauko tsumman ta miƙa masa. Ya ƙi karɓa. Ya ce sa'a daban, iyawa daban, a ƙara sati biyu. Sai da suka cika ya karɓa, kuma ita da kanta ta zo lungun, ta sa shi ya yi ta kai da kawo a tsakar gida da kan simintin kwata kafin ta koma gefe. Da aka kira la'asar ya fito zaure shi kaɗai. Ya tafi a hankali, ya tsaya daidai bakin masallaci, ya yi sallama da muryar da na daɗe ban ji ba. Liman ya kasa tayar da salla sai da ya share fuska. Ni kam kuka na yi, ba na ɓoyewa.

Bayan wata biyar, da damina, ina biye da shi muna dawowa daga sallar azahar. Daga masallaci zuwa gida akwai ɗan gangare, ƙasa kuma da danshi. Yana gab da ƙofa sai 'yar taubashina, mai shekara biyu, ta ji ƙarar keken kakanta ta fito daga zaure a guje, hannuwa a buɗe, kai tsaye gaban tayoyin. Ko ihu ban samu yi ba. Na ga ƙafarsa ta zabura kamar da, wannan bai taɓa barinta ba. Amma hannun ya buɗe, kamar wanda ya dafa garwashi. Keken ya tsaya cak. Matakin ƙafa ya taɓa bakin rigarta, bai taɓa jikinta ba. Keke ne da nauyinsa da na Kawu ya fi buhun masara biyu.

Yarinyar tana ta dariya tana neman hawa. Na ɗora masa ita a cinya, na tallafa masa. Uban yana tsaye a zaure, ya ga komai, ya zame ya zauna a ƙasa. Kawu bai dube shi ba, bai dube ni ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ce mana ai na gaya muku ba. Abin da kawai ya ce shi ne in kira masa oga a waya. Da ta ɗauka ya ce:

“Oga, ki gaida min mai shuɗiyar riga da 'yan'uwanta. Su tara sun tare wa jikata.”

Shekara biyu da rabi ya yi yana kai kansa sahu. Har tasha yakan je ya zauna da tsofaffin abokansa yana kushe tuƙin 'yan acaɓa. Ciwon ya dawo masa a karo na biyu, kwana shida ya yi, ya cika da hantsi, Inna tana gefensa. Ya bar wasiyya guda a kan keken: a kai wa manomin Panda, amma a kwance libar a ba oga tukuna, ita za ta san ranar da za ta miƙa.

A rana ta uku, bayan an yi addu'a an watse, ma'aikaciyar ta dawo kamar yadda muka roƙe ta. Taubashina ne ya ɗauko sukundireba da kansa. Mutumin da ya yi sati huɗu yana faɗa a kan wannan libar ya durƙusa ya kwance ta, ya naɗe a tsumma, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta riƙe a ƙirji, sannan ta ce ita fa a waya kawai ta ji labari, ba ta taɓa ganin jikar tasa ba, wacce ce a ciki?

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sa ya tsaya a inda salihai suka tsaya, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Taubashina ya nuna mata da hannu. Yarinyar tana tsakar gida cikin sa'o'inta, ta cika baki da gumbar sadaka, tana tsalle da ƙafa ɗaya, ba ta san ana maganarta ba.